Fasinja na Bakwai a Jirgin Gamzaki

Shafi na 17

Kafin mu shiga, bari in sallami mutum biyu. Baiwar Allah da ta rubuto a ƙarƙashin shafi na 16 cewa in ban saki wannan yau ba, za ta zo Barnawa ta same ni, ki zo, amma ki taho mini da man shafawa na ciwon baya. Shi kuma mai tambayar ko ina da hotona na 1999, ina da shi, kuma ba za ka gani ba. Gashin da ke kaina a hoton nan, ni kaina in na kalla sai na yi shiru na minti ɗaya.

Sababbin zuwa, ga inda muke. Lahadi ce da rana, watan Agusta na 1999, wata uku da komawar sojoji bariki. Ni ne Matthew, sakataren Ƙungiyar Masu Kallon Gamzaki, reshen Barnawa, wanda shi kaɗai ne reshe a duniya. Gamzaki shiri ne da wani ƙaramin gidan talabijin ke nunawa duk Lahadi da ƙarfe huɗu, labarin jirgin sararin samaniya da aka haɗa da kwali da fenti ruwan azurfa. Ciyaman ɗinmu, Baba Ishaya, ya rasu shekara guda da ta wuce. Mu uku muka rage, kuma a falona ake zama, don ni ke da bidiyo.

To.

"Sun kashe shirin nan," in ji Sylvanus. Mai gyaran wuta ne a wata masaƙa, kuma ko a falo magana yake kamar injuna na aiki. "Sun kashe shi, sun binne, sun ci shinkafar."

"Zauna mana," in ji Scholastica, malamar kimiyya a sakandare. Jaridar da take fifita da ita ko tsayawa ba ta yi ba.

"Ba zan zauna ba. Da, Kyaftin Dogo ya ce a harba, an harba. Yanzu fa? Ya cire kaki ya sa babbar riga. Babbar riga a sararin samaniya, Malama! Sau biyu hannun rigar na danna maɓallin da bai yi niyya ba."

"Zamani ne ya canza."

"Sati uku suna mitin a kan wa zai zama mataimakin shugaban kwamitin iska. Iskar na ƙarewa, suna ɗaga hannu!"

"Kai dai ka saba a daka maka tsawa. Ranar da ba a yi maka ba, sai ka ji kamar ba ka karya ba."

"Sakatare, rubuta cewa Malama ta zage ni."

Na rubuta. Aikina ke nan. Shekara huɗu ina rubuta zagi a littafi mai layi, har da kwanan wata.

"Mitin ɗin ma da sauƙi," Sylvanus ya ci gaba, yanzu murya ƙasa-ƙasa. "Fasinjojin nan fa?"



Sati uku da suka wuce, jirgin ya tsaya a tsakiyar duhu, inda babu duniya babu tauraro, ya buɗe ƙofa. Mutum shida suka shigo, kowa da jakar bakko a hannu. Babu hular iska, babu komai. Ba wanda ya tambaye su daga ina. Suka wuce layin baya suka zauna, sun ba kyamara baya. Tun ranar suna nan. Ba sa magana, ba sa ci, ba sa juyowa.

"Matata ta hana yara kallo," in ji Sylvanus. "Ta ce waɗannan ba masu rai ba ne."

"Ni kuwa shi ne abu mafi kyau da suka taɓa yi," in ji Scholastica. "Kuma ku faɗi gaskiya, wasiƙar Ciyaman suka bi. Ina tsaye a bakin gadonsa a asibiti ya ce wa Sakatare ya rubuta wa masu shirin: jirgin nan ya cika gudu, ya riƙa tsayawa yana ɗaukar waɗanda aka bari a hanya. Ba haka ya ce ba, Matthew?"

"Haka ya ce."

"Ka gani? Shekara guda suka ɗauka, amma sun karanta."

Na sunkuyar da kai kamar ina gyara rubutu.

Wasiƙar tana cikin aljihun kwat ɗina na zuwa coci, a ɗaki, an liƙe ta, har da kan sarki. Ban taɓa aikawa ba. Da farko kunya na ji, na ga kamar maganar zafin ciwo ce, za su yi mana dariya. Bayan kwana huɗu ya rasu, sai na kasa rabuwa da ita. Ba wanda ya sani.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Salama, masu gida."

Mama Celina ce, matar marigayi Baba Ishaya. Tun bayan jana'iza ta koma Kakau wajen gonarsu, ban sake ganinta ba. Ta rame har zoben aurenta ta naɗa masa zare don kada ya faɗi. Ta ɗaura sabon ɗankwali kore mai zanen kifi.

Duk muka miƙe. Sylvanus ya ba ta kujerar da ta fi laushi, wadda Ciyaman ke zama.

"Mama, sannu da hanya. Yaya gona?"

"Masara ta yi, mun gode Ubangiji. Har yanzu kuna nan kuna faɗa a kan kwali?"

"Muna nan, Mama."

"Mama, takardar shago na nan manne a ɗankwalinki," in ji Scholastica, ta miƙa hannu ga wata 'yar farar takarda a gefen kunnenta.

"Bar ta, 'yata. Jiya na saya. Bari mutanen Kakau su san sabo ne."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba sosai. Ta juyo gare ni.

"Matthew, ba zan daɗe ba, hadari na haɗowa. Kaset ɗin nan na zo karɓa."

Na rufe littafin.

"Wane kaset, Mama?"

"Na bikin cikarmu shekara ashirin da biyar da aure. Wanda Babanku ya ajiye a nan don ku ke da injin. Ran Asabar ne taron tunawa da shi. Fasto ya samo aron bidiyo da janareta, za a nuna wa jama'a jawabin da ya yi."

"Oh. Wannan."

"Wannan."

"Mama, ki sha ruwa tukuna."

"Na sha a mota."

"Lemo fa?"

"Matthew."

Ta sa hannu biyu a gwiwa, ta dubi ƙasa.

"Ba don jama'a ba ne ma. Ƙarya nake. Na fara manta muryarsa. Fuskar tana nan, akwai hoto a bango. Amma ran Talata ina tsinkar kuɓewa, na ce bari in tuna yadda yake kiran sunana. Na tsaya, na tsaya. Babu. Muryar Fasto ce ke zuwa, ko ta mai rediyo. Shekara ashirin da bakwai mutum na kiranki, shekara ɗaya ta share."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"A kaset ɗin nan kaɗai ta rage. Ɗauko mini."

Jama'a, na taɓa tsayawa gaban kwamitin bincike a ofis. Na taɓa gaya wa surukina cewa na buge masa mota. Duk wasan yara ne.

Na je kanta na ɗauko. Rubutun Baba Ishaya na jiki da jan biro: NI DA CELINA, 25. Na riƙe shi yadda babban yatsana zai rufe gefe ɗaya.

Sylvanus mai gyaran wuta ne. Idonsa ba ya wuce irin wannan.

"Sakatare, ɗaga yatsanka."

"Me?"

"Ɗaga yatsanka."

Na ɗaga.

Yaran yanzu, ku saurara. Kaset ɗin bidiyo yana da ɗan kunne a gefe. In ka karya shi, inji ba zai yarda a ɗauki wani abu a kai ba. Baba Ishaya da kansa ya karya na wannan, a gabanmu, da makullin gida. Amma in ka liƙe ramin da salatif, injin sai ya ɗauka kunnen na nan.

Ga salatif ɗina, a liƙe, tsaf. Ni mutum ne mai aiki da tsabta ko a wajen ɓarna.

"Yesu," in ji Scholastica.

"Mene ne?" Mama Celina ta dube su, ta dube ni. "Me ya faru da shi?"

"Mama, bari in yi bayani."

"Yi."

"Ranar da fasinjojin nan suka shigo jirgi, sati uku ke nan, kaset ɗinmu ya cika ana saura minti biyu a fara. Shaguna a rufe, Lahadi ce. Na duba, na ga naku na awa uku ne, bikin kuma awa biyu ya ci. Na ce akwai fili a ƙarshe. Na san ranar da muka kalla tare a ƙarshen muka tsaya. Na ce in sa a nan, ba abin da zai taɓa."

"To?"

"Na manta dokar Ciyaman."

Sylvanus ya dafe kai da hannu biyu.

Doka ta ɗaya a littafin da ni na rubuta da hannuna: ba a mayar da kaset kwalinsa sai an mayar da shi farko. Wanda ya saɓa, shi zai fita ya riƙe sandar eriya yana juyawa, mu muna ciki muna ihun "Ya yi! Bai yi ba!" Baba Ishaya bai taɓa riƙe sandar nan ba ko sau ɗaya. Ya mayar da kaset ɗinsa farko kafin ya ajiye, ban gani ba.

"A farkon na ɗauka, Mama. Minti arba'in da biyar."

"Jawabin a farko yake," ta ce a hankali.

"Eh, Mama."

"Bayan addu'ar buɗewa."

"Eh, Mama."

Na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, ko ta jefe ni da takalmi. Da ta yi, da na ji sauƙi. Sai kawai ta gyara zama.

"Sa mini."

"Mama, babu abin..."

"Sa mini in ga abin da ya fi mijina."

Na durƙusa gaban injin na tura kaset. A waje gari ya yi duhu kamar magariba, alhali ƙarfe uku bai cika ba. Iska ta fara kaɗa labule. Ruwan bai sauko ba, yana dai tsaye a sama.

Kiɗan Gamzaki ya tashi. Ga Kyaftin Dogo da babbar rigarsa, ga mitin. Mama Celina na kallo, fuskarta ba ta nuna komai ba. Na tura gaba da sauri, mutane na ɗaga hannu suna saukewa kamar kaji na shan ruwa.

"Tsaya nan," in ji Scholastica. "Wajen ƙofar ne."

Jirgin ya tsaya. Ƙofar kwali ta buɗe, bayanta baƙi ƙirin. Fasinjoji suka fara shigowa.

Sylvanus yana da wata ɗabi'a, ba ya iya ganin abu a jere bai ƙirga ba. Ko a jana'iza ƙirga motoci yake.

"Ɗaya. Biyu. Uku," yana yi a ƙasan maƙoshi. "Huɗu. Biyar. Shida."

Ya ɗauki kofinsa.

"Bakwai."

Kofin ya tsaya a hanya.

"Shida ne," in ji Scholastica.

"Na san shida ne, Malama. Ni na ƙirga su ranar. Sakatare ya rubuta."

Na rubuta kuwa. Shida, har na ja layi a ƙasa.

Na bakwai ɗin ba shi da jakar bakko. Ya shigo ya ba mu baya kamar sauran. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, irin ta wanda ya yi shekaru yana ɗaukar dilar yadi. Biro a bayan kunne. Rigarsa shuɗiya mai zanen ƙararrawa.

Ankon bikin ne. Ina da irinta a akwati. Sylvanus ma yana da ita.

"Tsohon hoton ne ke leƙowa," Scholastica ta faɗa da sauri, da muryar aji. "Yana faruwa. In kan injin ya yi datti ba ya goge na ƙasa duka, sai biyun su hau juna. Kimiyya ce kawai."

"Malama," in ji Sylvanus, "dubi Kyaftin."

Kyaftin Dogo ya tattare hannun babbar rigarsa, ya matsa gefe, ya ba mutumin hanya.

Scholastica ba ta ƙara cewa kimiyya ba.

Mutumin ya wuce layin baya. Kujeru takwas ne a layin, ban taɓa lura ba sai ranar. Ya zauna a ta bakwai. Sauran shidan na nan kamar gumaka.

Sai ya juyo. Baba Ishaya ne.

Ba zan ce muku yana da ban tsoro ba. Ina ma yana da shi. Lafiyarsa ƙalau, kumatunsa sun ciko, ya fi yadda muka gan shi a asibiti nesa ba kusa ba. Ya ɗan runtse ido yana leƙen kyamara, yadda yake yi in yana neman wanda bai zo mitin ba.

"Sakatare."

Muryar ce. Mai kauri, da ɗan karcewa a ƙarshe.

Na ji Mama Celina ta ja numfashi a bayana.

"Sakatare, ba ka aika ba." Ya zaro farin ambulan daga aljihu, ya ɗaga. Na ga kan sarkin, a karkace, yadda na manna shi. "Ba komai. Na kawo musu da kaina."

Scholastica ta juyo ta dube ni. Ban dube ta ba.

Idonsa ya matsa, ya wuce ni, ya tsaya daidai kujerarsa mai laushi.

"Celina."

"Na'am," ta amsa. Haka kawai, kamar daga kicin.

"Kin rame. Ki riƙa cin abinci mana."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan kujera ta takwas, wadda ba kowa. Ya ɗan bubbuga ta sau biyu, kamar mai kaɗe ƙura.

Hoton ya watse, ya koma yayyafin fari da baƙi.

Shhhhhh.

Sai bikin ya dawo, daga inda ɓarnata ta ƙare. Ga zumuntar mata suna rawa da ankonsu. Ga babban tebur, ga kek. Ga Mama Celina ta shekara uku da suka wuce, da ƙibarta, tana dariya tana jingina da kafaɗar wani.

Babu kafaɗar.

Ta jingina da iska. Kujerar gefenta ba kowa. Da aka zo yanka kek, hannunta kaɗai ne a kan wuƙar, a ɗan sama, kamar an ɗora shi a kan wani hannun.

"Tura gaba," in ji Sylvanus. "Wajen rawar. Ya yi rawa ranar, ni na riƙe masa hula."

Na tura. Ga Sylvanus riƙe da hula. Ga Mama Celina na juyi a tsakiyar fili, hannunta a miƙe, ita kaɗai, jama'a na tafi.

Na bi kaset ɗin har ƙarshe. Babu shi ko'ina. Duk inda ya taɓa tsayawa, fili ne.

Na kashe. Kwanon rufi na ta ƙara saboda iska.

"Cire shi," in ji Scholastica. "Matthew, cire shi ka kai wa Fasto."

"Mu yi addu'a tukuna," in ji Sylvanus. Mutumin da ke barci a coci tun daga waƙar farko.

"Mayar da shi baya."

Mama Celina ce. Hawaye na bin fuskarta, amma murmushi take.

"Mama, a'a," in ji Scholastica, ta riƙe mata hannu. "Ba ki ga kujerar ba? Ba ki ga abin da ya yi da hannunsa ba?"

"Na gani."

"To don Allah..."

"'Yata, shekara guda ba wanda ya ce mini na rame. Kowa cewa yake na yi ƙoƙari." Ta zare hannunta. "Sau ɗaya na ji. Ban riƙe ba, hankalina ya tashi. Bari in ji sau ɗaya kuma, in riƙe da kyau, in tafi da ita gida."

"Sakatare, kada ka yi," in ji Sylvanus.

Ta dube ni. Babu fushi a idonta, kuma wannan ya fi komai nauyi.

"Matthew. Kai ka share mini jawabin. Wannan kaɗai ka bar mini. Za ka hana ni shi ma?"

Ku da ke zaune da waya a hannu kuna shirin rubuta mini "da ni ne ba zan yi ba", na ji. Ku jarumai ne. Ni ban taɓa zama jarumi ba, sakatare ne ni. Abin da aka ce in yi nake yi, sai dai in makara.

Na danna. Injin ya yi ta kuka yana mayar da zaren. Na tsayar daidai wajen, na kunna.

Jirgin ya tsaya. Ƙofar ta buɗe.

Sylvanus ya toshe bakinsa da hannu, amma ƙirgar na fitowa ta tsakanin yatsu.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu."

Ruwan sama ya fara sauka, ɗigo ɗaya-ɗaya, masu nauyi.

"Biyar. Shida."

Shuɗiyar riga. Biro a kunne. Kyaftin ya matsa.

"Bakwai."

Ƙofar ba ta rufe ba.

Ɗazu ta rufe a bayansa, na gani da idona. Yanzu tana nan a buɗe, Kyaftin kuma bai saki hannun rigarsa ba. Yana jira.

Wata ƙafa ta fito daga cikin duhun, ta taka matakalar farko. Mace ce, siririya, ta ba mu baya. Ɗankwalinta kore ne mai zanen kifi. A gefen kunnenta, ga 'yar farar takardar shago.

Na kai yatsa kan maɓallin tsayarwa.

"Matthew, kada ka taɓa," in ji Mama Celina.

Ba daga bayana muryar ta fito ba.